Ku Tambayi Baba Dattijo: Wai Dole Ne In Bi Fasto A Kan Komai?

Salama gare ku masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan watan kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato maganar biyayya ga shugabannin ikkilisiya, sai na zaɓi huɗu a ciki. Kamar yadda muka saba na cire sunayen mutane da na coci-coci.

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa cikin sunan Yesu, ya sanyi? Ni 'yar Tudun Wada ce a nan Jos, ina aikin nas a wani asibitin kuɗi. A cocin iyayena na tashi amma na koma wata sabuwar ministiri saboda gaskiya addu'arsu akwai wuta, kuma sun tsaya min lokacin da nake neman aiki. Mai cocin muna ce masa Dadi. Matsalar ita ce yanzu ba abin da mutum zai yi sai ya sanar da Dadi, ko gida Pankshin za ka je sai ka nemi izini, albashin Janairu kuma gaba ɗaya ake kai masa wai nunan fari, bara da na kai sai da na yi ta cin bashi har Maris. Toh yanzu akwai wanda yake nemana da aure, mai bi ne, iyayena sun san shi sun yarda, na kai shi wurin Dadi sai ya ce shi bai gan shi a ruhu ba, in rabu da shi. Da na ce Dadi don Allah a ina aka rubuta haka sai ransa ya ɓaci, ranar Lahadi ya hau bagadi ya yi wa'azi kan Kora da ya yi wa Musa tawaye, da ayar nan ta kada ku taɓa shafaffena, bai kira sunana ba amma kowa ya san da ni yake, ya ce duk wanda ya fita daga ƙarƙashin inuwarsa abin da ya same shi shi ya jawo wa kansa. Baba ba na iya barci. Ina tsoron la'ana kuma ina son mutumin nan. In na ƙi bin maganar Dadi na yi wa Allah tawaye ke nan?

AMSA: 'Yata, ba ki yi tawaye ba. Tambaya kika yi, kuma tambayar da ta dace ce. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 Manzo Bulus ne da kansa ya yi musu wa'azi, suka koma suna binciken Nassi kowace rana su ga ko abin da ya faɗa haka yake, kuma yabonsu aka yi a kan haka. In Bulus bai wuce a bincika maganarsa ba, ban san ta inda Dadi ya wuce ba.

Amma kada ki ɗauka zan ce miki biyayya ga shugabanni ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Tana nan daram. Ibraniyawa 13:17 ta ce mu yi wa shugabanninmu biyayya mu yi musu ladabi domin su ne masu tsaron rayukanmu, kuma ni ina cikin masu jin haushin yadda yaran yanzu ke yi wa fastoci rashin kunya a Facebook. Sai dai ki karanta ayar har ƙarshe, ta ce za su ba da lissafi. Wanda zai ba da lissafi ai ba mai kaya ba ne. Kin san yadda ake ba makiyayi kiwon shanun wani, shi zai kaɗa su, shi zai kai su ruwa, ya hana su shiga gonar mutane, kuma dole su bi sandarsa, amma ranar da ya kama ɗaya ya kai kara ya sayar ya zama ɓarawo, don shanun ba nasa ba ne. Bitrus ya ce wa dattawa su yi kiwon garken Allah, ba don ƙazamar riba ba, ba kuma da nuna wa mutane iko ba, 1 Bitrus 5:2-3. Garken Allah ya ce. Bulus ma ya gaya wa Korantiyawa cewa shi ba ya mulkin bangaskiyarsu, 2 Korantiyawa 1:24.

Toh ikon fasto a ina ya tsaya? Ni a fahimtata ya tsaya inda Maganar Allah ta tsaya. In ya ce ki bar zina, ki bar karɓar na goro a hannun majinyata, ki je ki shirya da wadda kuke gaba, wannan ba shawara ba ce, umarni ne, don ba shi ya ƙirƙira ba, kuma in kin ƙi yana da hurumin ya tsawata miki har ikkilisiya ta sa ki horo. In ya ce sujada ƙarfe takwas ce, mawaƙa su zo da farar riga, ki bi, wannan tsarin gida ne kuma ba a gardama a kai. Amma wa za ki aura cikin masu bi, yaushe za ki je gaida mahaifiyarki, me za ki yi da albashinki, a nan abin da yake da shi shawara ce kawai, ki saurara da ladabi ki auna. Da a ce Dadi ya kira ki ya ce yaron nan na bincika yana da mata a Akwanga, ko mashayi ne, da na ce ki tsaya ki ji shi da kyau don wannan abu ne da za a iya tabbatarwa. "Ban gan shi a ruhu ba" kuwa ba wanda zai iya bincikawa, shi ya sa masu son juya mutane suke ƙaunar irin wannan magana.

Ayar shafaffu da ake ta razana ku da ita Zabura 105:15 ce, ki buɗe ki fara daga aya ta 12. Maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake, lokacin suna 'yan kaɗan suna yawo ƙasa-ƙasa, Allah yana gargaɗin sarakuna masu ƙarfi kada su cuce su. Wato ayar kariya ce ga marasa ƙarfi daga masu iko, yau an juya ta ta koma garkuwar masu iko. Dawuda ma da ya ƙi taɓa Saul a kogon nan na 1 Sama'ila 24, kashe shi ne ya ƙi yi, amma da suka fito ai ya ɗaga murya ya gaya masa laifinsa a fili, kuma bai koma fada ya zauna yana jiran mashi ba. Shi kansa Dawudan da ya hau sarauta annabi Natan ya shiga har gida ya ce masa kai ne mutumin. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya, Galatiyawa 2:11. Duk waɗannan ba wanda ƙasa ta haɗiye. Kora kujerar firist yake nema, ya tara mutum 250 don su ƙwace abin da Allah bai ba su ba. Ke kujerar wa kike nema?

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kai ba. Wanda ya ga zai ba da albashinsa na Janairu da farin ciki, tsakaninsa da Allahnsa ne. Amma 2 Korantiyawa 9:7 ta hana bayarwa ta dole, kuma ko Hananiya da ya sayar da gona ya ɓoye wani ɓangaren kuɗin, Bitrus ya ce masa gonar taka ce, kuɗin ma a hannunka suke, ƙarya ce ta kashe shi. Baikon da zai sa nas ta ci bashin wata biyu alhali mai karɓa ba ya nuna wa kowa lissafi, ni kam ba na kiransa nunan fari.

Wannan koyarwa ta zama ƙarƙashin inuwar mutum ɗaya ba a Jos aka fara ta ba. A shekarun 1970 wasu masu wa'azi a Fort Lauderdale ta jihar Florida a Amurka sun yaɗa ta sosai, kowane mai bi sai da nasa makiyayi, har mutane na neman izini kafin aure ko canjin aiki. Gidaje suka yi ta lalacewa, ɗaya daga cikin jagororin, Derek Prince, ya janye jikinsa, wani kuma Bob Mumford ya fito a 1989 ya nemi gafarar jama'a. Su da suka kawo abin sun tuba, mu kuma muka ɗauko muna yayi. Inda take kaiwa in ta yi nisa kuwa mun gani a dajin Shakahola na ƙasar Kenya a 2023, inda aka tono gawa sama da 400 na mabiyan wani mai wa'azi da ya ce su yi azumi har mutuwa su sadu da Yesu. Ban ce Dadinki haka yake ba. Amma mutanen nan ma ba rana ɗaya suka daina tambaya ba.

Ga abin da za ki bincika, shi Dadi wa yake yi wa biyayya? Iyayenmu da suka kafa ikkilisiyar ECWA a 1954, da waɗanda suka haɗa tarayyar ikkilisiyoyi ta TEKAN a 1955, ba don son mitin suka shimfiɗa majalisu hawa-hawa ba. A ECWA akwai dattawa a coci, sama da su ƙaramar majalisa ta LCC, sai ta gunduma DCC, sai babbar majalisa, a ikkilisiyar COCIN ma akwai LCC da majalisar yanki RCC har zuwa hedkwata, fasto na zaune za a kawo masa takardar taransifa ya kwashe kayansa ya tafi. Tsarin yana da nasa ciwon kai, akwai siyasa akwai ƙabilanci, duk mun sani, amma dai akwai ƙofar da za ka buga in fasto ya zalunce ka. Akwai sababbin ministiri ma da suke da dattawa na gaske. In cocinku shi ne mai kafawa, matarsa ce ma'aji, ƙaninsa ne sakatare, ba mai iya ce masa zauna, toh yana neman ki ba shi abin da shi bai taɓa ba kowa ba.

Ki je ki same shi, kada ki je ke kaɗai, ki tafi da babanki ko wani dattijo. Ki gode masa kan abin da ya yi miki don ya yi ɗin, ki ce in yana da wani dalili a kan yaron ya faɗa. In babu, ki ci gaba da shirin aurenki, ku yi gwajin jini da shawarwarin kafin aure a cocin iyayenki ko nasa. In kin tashi barin wurin ki yi sallama ki fita, ban da zagi, ban da rubutu a WhatsApp. La'ana kuwa, Karin Magana 26:2 ta ce wadda ba ta da dalili ba ta sauka a kan mutum. Abu ɗaya nake so ki shirya masa, watan da kika fita in taya ta fashe ko zazzaɓi ya kama ki, zuciyarki za ta ce ga shi nan ya fara. Ke nas ce, kin san mutum nawa zazzaɓi ke kwantarwa a damina ba tare da sun taɓa jin sunan Dadi ba.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni ma'aji ne a wata ikkilisiya a wajen Bukuru. Rabaran namu mutumin kirki ne, yana ziyara yana wa'azi mai kyau, amma yana da halin zuwa bayan sujada ya ce in ba shi dubu talatin ko hamsin daga kuɗin gini zai kawo rasit, rasit ɗin kuma ba ya zuwa. Ƙarshen shekara ni zan karanta rahoto. Matata ta ce in yi shiru kada in ja da bawan Allah. Ya zan yi?

AMSA: Ɗan'uwa, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo daga sama, sa hannunka za su gani a littafi, kuma Rabaran yana iya kasancewa ya riga ya tafi taransifa, kai kuma a garin za ka ci gaba da zama da 'ya'yanka.

Ni ban ɗauka sata yake yi ba, tunda kai da ka san shi ka ce mutumin kirki ne. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne albashin fasto ya makara wata biyu, ga kuɗin makarantar yara, ga mambobi na buga ƙofa da takardar magani, ga man mashin na zuwa jana'iza ƙauye, sai hannu ya saba da akwatin da ya fi kusa. Wannan ma laifin dattawa ne a wani ɓangaren, in ba ku ware kuɗin taimako da na zirga-zirga ba ku ware. Amma kuɗin gini mata sun sayar da dankali da tumatir sun kawo don a sayi bulo da kwano ne, ba a juya shi sai da sanin waɗanda suka tara. Bulus da ya tara gudummawa don masu bi na Urushalima bai yarda ya riƙe shi kaɗai ba, ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka kuɗin, ya ce don kada wani ya sami abin zargi, yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane, 2 Korantiyawa 8:19-21. A zamanin sarki Yowash ma in akwatin Haikali ya cika, magatakardan sarki da babban firist ne suke ƙirgawa tare.

Ka bi matakin Matiyu 18. Ka same shi kai da shi, ba a ƙofar coci mutane na wucewa ba, ka je gida da littafinka, ka ce Baba ga abin da ya fita ba rasit, Disamba ta kusa, ka taimake ni mu cike. Daga ranar kuma ko naira ɗari biyar ce sai da takarda da sa hannun sakatare. Ka faɗa da ladabi ka kuma tsaya a kai. In ya ƙi, ka kai wa dattawa, in abin ya fi ƙarfinsu akwai majalisa ta sama. 1 Timoti 5:19 ta ce kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, saboda haka ka riƙe kwanan wata da adadi a rubuce, kuma kada maganar ta fara fita ta bakin madam a Zumuntar Mata. Ka tuna kai ma ikkilisiya ce ta ɗora ka a kujerar nan, ita kake yi wa biyayya in ka tsare akwatin.

TAMBAYA: Baba ni matashi ne a Angwan Rukuba, ina kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙa. Budurwata ta ɗauki ciki, dattawa suka sa mu horo, aka karanta a gaban jama'a, aka ce mu koma bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji ba jita. Ni na riga na roƙi Allah gafara, su wa ye su da za su hukunta ni? Cikin dattawan ma na san abin da wasu ke yi. Wani coci a Rayfield sun ce in zo in kaɗa musu har da ɗan alawus. In tafi?

AMSA: Ɗana, kada ka tafi. Na san ka karanta amsar da na ba 'yar Tudun Wada kana murna, amma taka daban ce. Ita an hana ta abin da Allah bai hana ba, kai an tsawata maka a kan abin da Allah ya hana, kuma ba mutum ɗaya ne ya tashi da fushi ya yanke ba, dattawa ne suka zauna bisa tsarin da ka amince da shi ranar da aka yi maka baftisma. Wannan shi ne ainihin wurin da Ibraniyawa 13:17 take aiki. Su wa ye su? Bulus ya amsa maka a 1 Korantiyawa 5:12, ya ce na cikin ikkilisiya ikkilisiya ce take shari'anta su. In ka san wani dattijo da laifi kuma kana da shaida, hanya a buɗe take ka kai, amma laifinsa ba ya wanke naka.

Gafarar Allah ka samu in da gaske ka roƙa, ban musa ba. Amma ƙananan yaran da ke kallonka kana riƙe da jita kowace Lahadi fa? Kuma tambayar da ba ka yi ba ita ce ta fi damuna, yarinyar fa? Kai za ka rataya jita ka hau keke ka tafi Rayfield inda ba wanda ya san ka, ita ciki ba ya ɓoyuwa, ita kaɗai za ta zauna a bencin baya mata na satar kallonta. Mun daɗe muna wannan rashin adalci a coci-cocinmu, mace ta sha kunya namiji ya canja majami'a. Ka zauna kusa da ita a bencin nan. Ka tura manyanka wurin iyayenta, ko za a yi aure ko ba za a yi ba awo da haihuwa da abincin yaro suna wuyanka. Cocin da zai ɗauke ka bai tambayi dalilin barinka gida ba, yatsunka yake so.

Dattawa kuma, tunda na san kuna karantawa, horo ba kora ba ne. Sai a sa yaro a baya a manta da shi wata shida ba wanda ya taka ƙofar gidansu, ranar da ya daina zuwa a ce dama ba mai tuba ba ne. Bulus ɗin da ya ce a hori mai laifi shi ne ya ce wa Korantiyawa horon ya isa haka, su yafe su ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya cinye shi, 2 Korantiyawa 2:6-8. Ku faɗa musu yaushe za a sake duba maganar, ku ba su dattijo ɗaya da uwa ɗaya da za su riƙa zama da su.

TAMBAYA: Baba daga Kubwa, Abuja nake rubutowa. Maigidana yana dukana, wancan watan har sai da aka ɗinke min goshi. Na kai ƙara wurin fasto ya ce in ƙara biyayya da addu'a, Afisawa 5:22. Na ƙara amma bai daina ba.

AMSA: 'Yata, sannu. Fastonki ya karanta aya ta 22 ya rufe littafin da wuri. Ta 21 ta ce ku yi wa juna biyayya, ta 25 ta ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da ransa dominta, Kolosiyawa 3:19 kuma ta hana miji ko tsananta wa matarsa. Wanda ya kamata a kira gaban dattawa shi ne mai dukan. Ba rashin biyayyarki ne ya fasa miki goshi ba, kuma matsawa gefe don ki tsira da ranki ba kashe aure ba ne.

Ki sanar da iyayenki ko wani babba a danginki yau, ki kwashi yara ki koma inda hannunsa ba zai kai gare ki ba, kada ki gaya masa ranar da za ki fita. Ki koma asibitin da aka yi ɗinkin ki karɓi rahoton likita ki ɗauki hoto ki ajiye a wurin wani. A Abuja akwai dokar hana cin zarafi ta 2015 da ake kira VAPP, dukan mata ko miji laifi ne a ƙarƙashinta kuma kotu na iya ba da umarnin kariya, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ce ke kula da aiwatar da ita, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana taimakawa. Maganar ikkilisiya ki kai ta gaban dattawa gaba ɗaya tare da shugabar Zumuntar Mata, in suka maimaita abin da fasto ya faɗa ki wuce majalisa ta sama. Zancen komawa ɗaki kuma sai dangi biyu sun zauna, shi ya amsa laifinsa da bakinsa, an kuma ga canji na tsawon lokaci.